Hudu da Ƙofar Motar Alhaji Audi

Masu karatu, ku gyara zama, yau labarin da nauyi yake. Wanda ya iske mu a tsakiya, sunana Zinariya, ɗiyar Alhaji Lado mai hatsi a Dutsin-Ma. Gidanmu na bayan kasuwa, mai babban zaure da durumi a ƙofa. Wanda zuciyata ta zaɓa kuwa Hudu ne, mutumin Kurfi, mai gyaran kekuna da fitilu. Abin da zan ba ku ya faro ne a bazarar 1967, ana shirin Babbar Sallah, kuma duk sa'ad da na tuna sai in ce da ma bakina ya yi mani nauyi a ranar.

A gidan yayata Ma'u na fara ganinshi, can Kurfi inda take aure. Keken ɗinkinta ne ya ƙi tafiya, ta sa aka kira shi. Ya zauna bisa tabarma ya kwance keken nan kaf, ya jera ƙusoshin a kan faifai, yana juya hannun keken yana kara kunne kamar mai sauraron gulma. Da ya gama ya ce a ba shi ƙyalle ya gwada. Yaya Ma'u ta duba ba ta samu ba, ni kuwa rawar kai ta sa na miƙa mashi gefen kallabina. Ya zuba mani ɗinki da jan zare tun daga wannan baki har wancan, sannan ya ɗago ya dube ni a karon farko.

"Na ɓata maki kallabi," in ji shi.

"Ka dai gyara keke," na ce.

To daga nan ne.

Baba bai taɓa cewa Hudu na da mugun hali ba. Matsalar sana'ar ce. Ta bakin Inna saƙonshi ke zuwa mani, don bai taɓa zama da ni a kan zancen ba.

"Ya ce ba zai yi maki dole ba," in ji Inna, tana tsince shinkafa ba ta dube ni ba. "Amma ya ce ba zai miƙa ɗiyarshi ga wanda cinshi ke hannun ƙaya da ƙusa ba. Ranar da taya bai fashe ba, me za ku ɗora a murhu?"

Gwaggonnina kuwa ba su da wannan sauƙin. In sun zo gidan sai ka ji, "Ina amaryar mai faci?" su kwashe da dariya. Sa'o'ina duk sun tare a ɗakunansu, wasu har da goyo. Ina murmushi a gabansu, in na shiga ɗaki in kifa kai bisa gadon ƙarfen Inna in yi mai isata. Abin da nake roƙon Allah kullum ɗaya ne: ya kawo ranar da Baba zai ga Hudu da irin idon da nake ganinshi.

Allah ya amsa, jama'a. Ashe akwai roƙon da in an amsa maka sai ka yi kuka.

Ranar kasuwar garinmu ce, muka yi babban baƙo, Alhaji Audi na Funtuwa, mai manyan motocin da ke jigilar gyaɗa zuwa Kudu. Baba ya daɗe yana neman su ƙulla, motocinshi su riƙa kwashe mana hatsi. Tun safe gidan ke hayaƙi. Inna ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe, aka yanka kaji, aka dama fura a sabuwar ƙwarya. Ni ma aka ce in yi tsaf, na ɗaura atamfata shuɗiya mai zanen ganye, na sa kwalli, ga lallen Sallah ya kama jajir a ƙafafuna.

Da hantsi ya iso cikin sabuwar Fijo baƙa wuluk. Ban taɓa ganin abu mai ƙyalli irinta ba, mutum na ganin fuskarshi a jikinta har haƙora. Daga Kano ya ɗauko ta, ya biyo ta wajenmu, ko iyalinshi ba su sa ta a ido ba tukuna. Ya aje ta ƙarƙashin durumi, suka shige zaure da Baba.

To akwai ragona. Baba ya sayo shi ƙarami daga ƙauyen Dabawa ya ce in kiwata mana na Layya, na sa mashi suna Ɗan Gata. Dusa da harawa da ƙanzon tuwo sun sa ya zama kamar maraƙi, ga ƙaho ya nannaɗe, ga faɗa. Saboda girki aka fitar da shi waje aka ɗaure a turke. Na fito zan kai mashi ruwa ke nan na ga turken a ƙasa, shi kuma yana tsaye gaban motar baƙo, ya ƙura wa ƙofar direba ido. Wani rago yake gani a ciki, ƙato kamarshi, yana harararshi.

"Ɗan Gata!" na ƙwala.

Ina! Ya ja da baya, ya sunkuyar da kai, sai ji kake dam! Kafin in yar da kwanon in kama igiya ya sake ja ya ƙara mata.

Su Baba suka fito a guje, Alhaji Audi ko hannu bai wanke ba. Ƙofar nan ta lotsa ciki, komaɗa mai faɗin faranti, fuskar duk wanda ya leƙa sai ta karkace. Ni dai na ja ragon na shige bayan ƙyauren zaure.

Baba ya matso kusa da baƙon. Mutumin da muryarshi ke tsayar da 'yan dako a kasuwa, yau sai in'ina yake a ƙofar gidanshi.

"Alhaji, wannan abin kunya... a gidana, kana cin abincina..."

"Haba, Alhaji Lado, ƙaddara ce, dabba ce," in ji baƙon. Amma hannunshi na bisa wurin yana shafawa kamar mai lallashin yaro, muryar kuma ta dushe. "Abin dai, wa zai tayar da ita? Tun hargitsin bara da masu gareji suka koma Gabas, motocina ma rabi a fake suke. Sai dai a yi Sallah da ita haka."

Ban san lokacin da maganar ta fito ba. Daga bayan ƙyaure na ji bakina ya ce, "Baba, Hudu zai iya."

Inna da ta biyo ni ta kai mani mintsini a cinya. Budurwa ta ambaci sunan saurayinta gaban ubanta, gaban baƙo, gaban rabin unguwa!

"Wane ne Hudu?" in ji Alhaji Audi.

Baba ya ce, "Wani yaro ne. Mai gyaran keke."

Alhaji Audi ya ce, "A kira shi mana. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa mashi kamawa yake."

Duk ranar kasuwa Hudu kan zo daga Kurfi ya baje kayanshi kusa da tasha, don haka Ilu, babban ɗan dakon Baba, bai daɗe ba ya dawo da shi. Ta tsagar ƙyaure nake leƙe. Rigar kaki ce jikinshi duk baƙin mai, takalmin taya, jakar kayan aiki a kafaɗa. Na ce a raina, wayyo Hudu, yau ɗin ma ba ka sa ta kirki ba. Ya durƙusa ya gaishe su, sannan ya matsa ga motar. Ya shafa gefen komaɗar da yatsa, ya ƙwanƙwasa, ya kwantar da kunci jikin ƙofar yana kallonta ta gefe.

"Fentin bai tsage ba, ƙarfen kuma bai karye ba," ya ce. "Akwai dabara, Alhaji, amma gaskiya ban taɓa yi ni kaɗai ba. Na dai sha riƙe wa maigidana fitila a Funtuwa yana yi."

"Funtuwa? Wane maigidan?" in ji Alhaji Audi.

"Ibon nan mai gareji bakin tasha. Da ya tafi ne na dawo gida."

"Allah sarki," in ji Alhaji Audi a hankali. "Ai shi ke duba mani motoci. To mece ce dabarar?"

"A gasa wurin ya ɗau zafi, sai a kwara mashi ruwan sanyi farat ɗaya. Ƙarfe in ya ji zafi sakewa yake, in sanyi ya buge shi sai ya tsuke, wurin tsukewar nan yakan koma mazauninshi. Amma in hannuna ya zarce fentin zai ƙone, in ƙara ɓarna bisa ɓarna. Sai in kun yarda."

Baba ya dube shi, ya dubi ƙyauren da nake ɓoye. Na san abin da ke ranshi: in aka ƙone motar nan, ba shi ba Alhaji Audi har abada, ni kuma ba ni ba Hudu.

"Bismillah," in ji mai motar.

Hudu ya sa aka ɗora babbar tukunya a wuta. Ya tambaya ina ruwan da ya fi sanyi a gidan, Inna ta ce randarta, wadda ke binne rabi cikin jiƙaƙƙen yashi a inuwar rumbu, ko a tsakiyar bazara ruwanta na kama haƙori. Ya kwance marufin ƙofar ta ciki, ya karɓi muciya ya naɗe kanta da tsumma don ya tokara ta baya. Aka fara kwarara tafasasshen ruwa bisa wurin. Sannan ya fiddo wata fitilar kananzir mai famfo, wadda yake narka dalma da ita, ya kunna, ta hau huci da shuɗiyar wuta. Bai kai ta kusa ba. Daga nesa yake zagaya bakin komaɗar, yana matsowa ciki kaɗan-kaɗan, jim kaɗan ya kai bayan hannu ya ji zafin.

Kafin ka ce kwabo ƙofar gidan ta cika. Masu tallar goro, mahauta, har mai shayin tasha ya baro teburinshi.

"Zuba!" in ji Hudu.

Ilu ne riƙe da ƙwaryar. Ya tsaya gyara tsayuwa, ya zuba a hankali kamar mai yi wa liman alwala. Tururi ya tashi ya washe. Komaɗa na nan inda take.

Wani daga baya ya ce, "Mai faci dai mai faci ne." Aka yi dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Hudu ya share gumi da gefen hannu. "Ruwan ya makara. Ina son wanda zai kwara kafin in rufe baki, duka a lokaci guda."

Baba bai waiwayo ba ya ce, "Ke. Fito ki riƙe ƙwaryar, tunda ragonki ne."

Na ja gyale na fito. Inna ta ciko mani ƙwarya daga randa, sanyin na ratsa tafin hannuna. Na tsaya dab da Hudu, kusancin da ban taɓa yi da shi ba, gaban Baba kuma. Ina jin warin kananzir da na guminshi. Bai dube ni ba, ya dai yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Kada ki kalli mutane. Kalli bakina."

Ya sake gasawa. Wannan karon ya daɗe, har na ga ƙyallin fentin na neman dushewa a tsakiya. Hannunshi ɗaya na cikin ƙofar da muciya, ɗayan na yawo da wuta. Leɓenshi ya motsa.

Na kwara.

Ƙas! Gefe ɗaya ya taso, saura tsakiyar. Mutane suka matso, masu dariyar ɗazu suka yi gum.

"Ƙaro," in ji shi. Inna da kanta ta miƙo wata ƙwaryar ta bayan ƙyaure, har da jiƙaƙƙen buhu. Ya zagaya wutar, ya zagaya, jijiyar wuyanshi ta miƙe.

"Yanzu!"

Na watsa da dukkan ƙarfina, ya aje fitilar ya danna buhun a kai. Sai ji muka yi ɓam! kamar an buga ganga. Da tururin ya washe, ga fuskata a jikin ƙofar, miƙe sambal, baki buɗe.

Wurin ya kaure da kabbara. Ilu ya ɗaga muciya sama yana juyi. Ni kuwa hannun Hudu na gani: wurin danna buhun zafin ƙarfe ya kwashe mashi fatar tsintsiyar hannu, ya yi ja.

Alhaji Audi na ta sa albarka, Hudu ya ce, "Alhaji, tsaya ka gani." Ya ja shi gefe ya nuna mashi ta inda rana ke bugowa. "Ga ɗan alama nan ya rage, kamar tafin yaro. Wannan ya fi ƙarfina. Gara ka gani yanzu da ka gani a gida."

Alhaji Audi ya daɗe yana kallonshi, ba motar ba. Sannan ya juya ga Baba. "Alhaji Lado, wannan yaron kake bari yana faci a gindin bishiya?"

Ranar nan Baba ya ce Hudu ya wanke hannu ya shigo zaure, suka sa hannu a kwano ɗaya. Na aika mashi man shanu ya shafa a ƙunar. A ɗaki kuwa na rungume Inna ina tsalle har gadon na ƙara, tana ture ni tana cewa, "Marar kunya, Allah ya shirye ki," amma ita ma dariya take. Ɗan Gata ya sha wuƙa ranar Sallah, na yi mashi kuka, na kuma ci soyayyen naman, ba zan ɓoye maku ba.

Bayan Sallah na je Kurfi kai wa Yaya Ma'u nama. Da la'asar Hudu ya zo, muka zauna a soron gidan, ita tana tsakar gida tana tankaɗe da kunne ɗaya wajenmu. Ya sa farar riga 'yar shara da hular da na ɗinka mashi, hannun a ɗaure da ƙyalle. Amma fuskar ba walwala.

"Alhaji Audi ya aiko," ya ce. "Yana son in koma Funtuwa in riƙe mashi motoci. In bi su hanya, in koyi tuƙi. Babanki kuma ya kira ni, ya ce in na je na kama aikin, da kaka in turo magabatana."

Na dafe ƙirji. "Da kaka? Baba ya faɗa da bakinshi?"

"Ya faɗa."

"To me ya sa ka yi kicin-kicin kamar an aiko maka da rasuwa?"

Ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa. "Zinariya, ni ban son tafiyar. Tsohuwata ba ta da kowa sai ni. Kuma na zauna Funtuwa, na ga yadda gari ke juyewa a wuni ɗaya, ƙasar nan ba ta kwanta ba tukuna. Ni rumfata ta ishe ni, in ta ishe ki. Duk ranar kasuwa ina ganinki kin wuce da kwano a ka. In kin ce in zauna, gobe zan je in ba Baba haƙuri. In tara a hankali, ko da zai ɗau lokaci."

Masu karatu, ga inda nake so ku tsaya. Mutumin nan ya aje zaɓin a tafin hannuna. Ni kuwa me na gani? Na ga bakin gwaggonnina ya mutu. Na ga Baba yana cewa "surukina" da kai a sama. Na ga kaina a gidan gaba na babbar mota ana kai ni. Na gaji da jira, na gaji da "amaryar mai faci".

"Ka tafi, Hudu," na ce. "Kaka kamar gobe ce."

"Kin tabbata?"

"Allah ne ya buɗe ƙofa, kai kuma za ka tsaya a bakinta? Tsohuwa ga Yaya Ma'u nan kusa. Ka tafi."

Ya dube ni ya yi ɗan murmushi. "To. Tunda ke kika ce."

Da farko komai lafiya. Direbobin Alhaji Audi da ke zuwa ɗaukar hatsin Baba su ke kawo mani saƙonshi da baki, ta hannun Inna. "A ce mata na fara riƙe sitiyari." Wani zuwan da sabulu mai ƙamshi a naɗe cikin takarda. "A ce mata na ga gadar Jebba, ruwan ba ya da ƙarshe." Wani zuwan gyale ruwan hoda mai bakin zare. "A ce mata ƙunar ta warke, amma tabon nata ne." Wannan Inna ta ƙi faɗa, sai da na yi ta magiya. Ni kuma in aika da dakuwa da dambun nama, in ce a ce mashi ya riƙa cin abinci. Inna ta fara tara mani kwanoni da tasoshi ƙarƙashin gado, gwaggonni suka koma cewa "matar direba".

Sai damina ta faɗi, rediyon Baba ya fara maganar yaƙi.

Ba a daɗe ba muka ji an ɗauki motocin Alhaji Audi suna kai wa sojoji abinci da kaya, da direbobin da masu gyaran duka. Motocin suka daina zuwa garinmu. Saƙo na ƙarshe wani mai goro ne ya kawo, ya ce sun haɗu a hanya. "A ce mata mun wuce Makurɗi. Kada ta damu, ni ƙarƙashin mota nake wuni, ba ruwana da bindiga."

Daga nan shiru.

Aka yanke gero, aka cire gyaɗa, kaka ta zo ta cika rumbuna. Ba Hudu, ba magabata. Na rame har zoben hannuna na zamewa. Baba ya daina kunna rediyo in ina kusa. Ya shirya takanas ya tafi Funtuwa, ya dawo ba wani labari, abincin da aka kai mashi ma haka aka fito da shi. Ranar na ji shi ta taga yana ce wa Inna, "Da na bar yaron nan da kekunanshi." Na toshe baki da gyale. Baba na ɗora wa kanshi laifin, bai san an ba ni zaɓi a soron Yaya Ma'u ba.

Nakan je Kurfi in gaida tsohuwarshi, in share mata ɗaki, in ɗebo ruwa. Rumfarshi ta kasuwa na nan, wani mai gwanjo ya baje a ciki. Tsohuwar ba ta taɓa yi mani maganar da za ta sosa mani rai ba. Sai dai ta riƙe hannuna ta ce, "Ya ce mani ke kika ƙarfafa mashi gwiwa. Allah ya yi maki albarka." Da ta zage ni da ya fi mani sauƙi.

Wata safiya da hantsi ina tsakar gida ina surfe, sai ga Yaya Ma'u ta faɗo ba sallamar kirki, ba goyo, zanenta a karkace. Ba ta dube ni ba ta wuce ɗakin Baba. Na aje taɓarya. Inna ta fito daga madafa tana goge hannu, muka tsaya muna kallon labulen.

Da suka fito idon Baba ya kaɗa.

"Yaya," na ce, "faɗa mani. Ya mutu?"

"Yana da rai." Ta kama kafaɗuna. "Da asuba wata mota ta sauke shi. Yana ɗakin tsohuwa."

Na yi hamdala da ƙarfi, na juya zan ɗauko gyale, ta riƙe ni gam.

"Tsaya, Zinariya. Motarsu ta taka wani abu a hanya, ya fashe. Ya daɗe kwance a asibiti can. Jikin ya warke." Ta ƙara riƙe ni. "Idanun ne. Duka biyun."

Ban faɗi ba. Na dai ji tsakar gidan ta yi mani faɗi, muryar Inna na salati kamar daga ƙasan rijiya.

"Kuma ya ba ni saƙo," in ji Yaya Ma'u, hawaye na zubo mata. "Ya ce a ce maki ya sauke maki alkawari, ki yi aurenki, ya yafe. Ya ce don Allah kada a kai ki."

Na zare hannunta daga kafaɗata. Na shiga ɗaki na ɗauko gyale, na sa takalmi. Baba na tsaye a bakin zaure ya tare hanya, na ɗauka hana ni zai yi. Na durƙusa gabanshi.

"Baba, ya ce mani ba ya son tafiyar. Ya ce in na ce ya zauna zai zauna. Ni na ce ya tafi."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce da Inna ta miƙo mashi hula.

"Tashi," ya ce. "Ni zan kai ki. Amma ki sani, in kin shiga ɗakin nan ba za ki fito yadda kika shiga ba."

Motar kasuwa muka hau, ni da Baba da Yaya Ma'u. Muka isa Kurfi. Gidan cike da 'yan jaje, mata na ganina suka dare suka ba ni hanya. Baba ya tsaya wajen maza. Yaya Ma'u na biye da ni na doshi ɗakin tsohuwa, asabari a sake, ciki duhu. Ban yi sallama ba, ban yi tari ba, awarwaron hannuna ne kawai suka ɗan motsa da na kai hannu ga asabarin.

Daga ciki muryarshi ta fito, ta dushe amma ita ce.

"Ma'u, ai na roƙe ki. Na ce kada a kawo ta."

Na cire takalmina a bakin ƙofa.